Laya a Rufi, Tsaga a Bango: Sharhi Kan Kafin Tsofaffin Gidajenmu

Duk shekara, idan ruwan Agusta ya zauna, da wuya damina ta fita ba a sami gidan ƙasa a unguwar nan da ya zubar da katanga ko ya saki rufi ba. Kuma duk sa'ad da hakan ta faru, tun ba a gama kwashe ƙasa ba ake soma muhawarar da muka saba. Wannan ya ce ai tun da tsohon gidan ya kwanta dama ba wanda ya sabunta kafin gidan, shi ya sa. Wancan ya ce a'a, layun da aka cusa a rufi ne suka kore albarka. A yi ta ja-in-ja daga ƙofar masallaci zuwa teburin mai shayi har kaka ta yi, kowa ya koma harkarsa. Tambayar da ba mu cika jin an yi ba ita ce: shin yaushe rabon bangon nan da yaɓe?

Dalilin da ya sa ke nan muka ga ya dace mu yi wa wannan al'ada ta kafin gida kallon tsanaki, ita da camfe-camfen da ke tafe da ita na tsare gida da jawo masa arziki. Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Masu kare kafi da masu yaƙi da shi, a ganinmu, duk sun taru ne a kan abu mafi ƙanƙanta cikin abin da iyaye suka bar mana. Ana ta faɗa a kan laya, alhali aikin da ya riƙe gidajen nan shekara da shekaru yana yashe, ba mai waiwayarsa.

Abin da ake kira kafi

Saboda yaranmu da suka tashi a ɗakin bulo, bari mu ɗan fayyace. Kafi asiri ne da ake binnewa ko a rataye don a tsare wuri. Akwai kafin gari, akwai na gona, akwai na gida. Na gidan ma iri-iri ne. Na malamai shi ne a rubuta ayoyi ko hatimi a takarda, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke da fata, a rataye a saman ƙofar zaure ko a soke tsakanin azara. Wani sa'in rubutun allo ake wankewa a yayyafa a kusurwoyin gida huɗu, ko a zuba a ƙasar gini. Na bokaye kuwa saiwoyi ne da sassaƙe da ƙaho a cikin 'yar tukunya, a rufe bakinta a binne ƙarƙashin dokin ƙofa ko a tsakar gida. Buƙata dai ɗaya ce: ɓarawo in ya shigo ya rasa hanyar fita har gari ya waye masa, mai sammu ya yi a banza, maye ya rasa kurwar kamawa, gobara ta tsallake.

Ban da kafi, akwai camfe-camfen da kowannenmu ya ji a bakin Inna ko Goggo. Ba a shara da dare, wai ana share arziki. Ba a zama a kan dokin ƙofa. Ba a zubar da ruwan zafi a tsakar gida da dare ba tare da bisimilla ba, kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Shamuwa in ta yi sheƙa a bishiyar gida, alheri ne, ba a jifarta. Mujiya in ta yi kuka a kan rufi, sai a yi ta salati. Tsohuwar tsamiya ko kuka ba a sare ta da garaje. Cibiyar jariri a cikin gida ake binne ta, shi ya sa har yau in Bahaushe zai nuna asalinsa sai ya ce a can aka binne cibiyata. Sabon gida kuma ba a tarewa sai an yi sadaka, an tara malamai sun yi sauka.

Kafin mu soki komai, mu yi wa kakanninmu adalci. Wanda ya baro Kano ko Katsina ko Zazzau da jakunansa, ko ya biyo almajiranci, ko fawa ta kawo shi, ya sauka nan Belel a bakin iyaka, baƙo ne. Can gida yana da ganuwa, yana da dangi ƙofa-ƙofa. Nan kuwa a inuwar masu ƙasa ya zauna, Fulani da sauran ƙabilun da ya tarar, harshen ma sai da ya koya. Ita kanta ƙasar ba ta zauna a hannu ɗaya ba. Jamusawa sun riƙe ta, Turawan Ingila suka karɓa bayan yaƙin duniya na farko, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ce ta sa wannan yanki cikin Nijeriya. To, mutumin da dukiyarsa kaf tana cikin ɗaki ɗaya, ba banki, ba ofishin 'yan sanda kusa, zai tafi fatauci ya yi watanni ya bar mata da yara, me zai bari a bakin ƙofa? Layar nan ita ce ta ba shi damar yin barci a zango. Wanda bai fahimci wannan tsoro ba, bai kamata ya yi saurin yi musu dariya ba.

Ba kuma mu kaɗai ba ne. A Ingila har yau ana kafa takalmin ƙarfe na doki a ƙofa don sa'a, kuma masu gyaran tsofaffin gidaje suna tsintar takalman mutane da aka ɓoye a bango, har gidan tarihi na Northampton ya buɗe rajistar irin waɗannan takalma. A Turkiyya shuɗin dutse mai siffar ido suke ratayewa, a Maroko siffar tafin hannu. A Kumasi, tun farkon ƙarni na 19, sarakunan Asante suna neman layu wurin malaman Musulmi mazauna garinsu. Ɗan Adam ko'ina yake, in ya gina sai ya ji tsoron abin da zai rushe masa.

Abin da malamai suka ce, da wanda ba su ce ba

A nan unguwar an mai da maganar laya kamar ita ce iyaka tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Gaskiyar magana, saɓanin ya girme mu duka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka karantar da yawancinmu a zaure, ba ta ga laifin rataya laya ba matuƙar Alƙur'ani ne a cikinta. A ɗaya ɓangaren, tun zamanin magabata akwai waɗanda suka ƙi ta gaba ɗaya, irin almajiran Abdullahi ɗan Mas'ud, don toshe ƙofar shirka. Wannan fahimta ta ƙara ƙarfi a ƙasar nan bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Ba aikin mujallar unguwa ba ne ta raba wannan gardama, malamai na nan.

Amma akwai inda ba su saɓa ba, kuma nan ne muka fi yin shiru. Ba malamin kirki, na zaure ko na Islamiyya, da ya halatta tukunyar da aka yi wa yanka da sunan wanin Allah, ko takardar da aka cika da sunayen da shi marubucin ma bai san ko na wane ne ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yanke-yanke da masu duba. Duk da haka sai ka ga Alhaji, sahu na farko a masallaci, ya aika a ɓoye a kawo masa irin wannan tukunya daga bayan dutse. In an yi magana ya fake da Risala. Haba Alhaji! Risala Alƙur'ani ta ce, ba ta ce jinin baƙin bunsuru ba.

Ko ita layar ayoyin ma, akwai darasi a labarin Dirki na Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, aka ɗauke shi a matsayin kafin gari, har ta kai ana yanka masa shanu. Sarki Muhammadu Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, shi ya sa aka sassare shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Masu son kafi sukan ce ai ka gani, yana fasa Dirki sarauta ta kuɓuce masa. Mu abin da muka gani a labarin daban ne. Littafin da aka saukar don a karanta, an yi ta lulluɓe shi da fata har mutane suka manta da abin da ke ciki, suka koma bauta wa fatar. Gidaje nawa ne a unguwar nan da Ayatul Kursiyyu ke rataye a saman ƙofa, ta fata ko ta gilashi da aka sayo a kasuwar Mubi, amma a wayi gari a kwana ba wanda ya karanta ta a gidan? Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim karanta Baƙara a gida ya ambata, bai ambaci rataya ta ba.

Akwai kuma hadisin da ya fi dacewa da zancenmu, wanda Buhari da Muslim suka kawo, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni idan dare ya yi a rufe ƙofofi da sunan Allah, a rufe tukwane, a kashe fitilu. Ku duba yadda ambaton Allah da aikin hannu suka zo a haɗe. Wannan shi ne tsarin gida na asali, kuma in muka duba da kyau, a kansa tsofaffinmu suka fi dogara.

Abin da ya riƙe gidajen

Gidan ƙasa kamar dabbar kiwo yake, in ka daina kula da shi ya mutu. Maginin da ya san aikinsa yakan zaɓi ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a yi tubali. Bango ƙasansa ya fi samansa kauri. Azara ta giginya ake nema, don gara ba ta cinta da sauƙi. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin soro kuma a bi shi da laso inda ake samun katsin marina. A sa indararo mai tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Ɗakin jinka kuwa a yi masa baibaya kafin ciyawar ta ruɓe. Mata su yi daɓe. Sannan, abin da ya fi duka, kowace shekara kafin ruwan farko maigida ya hau rufi ya duba, ya toshe tsaga, ya fasa hanyar gara, a yi yaɓe. Nan Adamawa ma abin ya fi zama dole, domin ruwanmu ya fi na Katsina da Daura yawa.

Tsohon da ya soke laya a azara, shi ne dai wanda yake hawa rufin nan duk bazara. Da ya rasu, 'ya'ya suka gaji layar, ba su gaji hawa rufin ba. Bayan shekara biyar soro ya rufta, aka ce kafi ya karye. Ai ba kafi ne ya karye ba, azara ce ta sha ruwa.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830 a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau bakan-gizonsa na ƙasa suna tsaye, masana gini daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana nan, saboda duk shekara garin kaf ke fitowa rana guda, maza na yaɓe, mata na kawo ruwa, yara na dakon kwaɓi. Mu ma muna da irin wannan, gayya muke kiranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu magana, kuma da can ba karin magana kawai ba ce, jinkar gaske ake taruwa a ɗauka a ɗora. Yau in ka kira gayyar yaɓe, samari za su tambaye ka nawa ne.

Mu dubi kuma abin da muke yi wa tsofaffin gidajen da hannunmu. A shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kyan gani, danshi ya shiga ta ƙasa ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓallo da rabin katanga. A ɗora kwano ba a bar masa baki mai tsawo ba, ruwa ya yi ta zuba a gindin gini. Maƙwabci ya rushe nasa ya yi na bulo, ya ɗaga harsashi, ya juyo da ruwansa gidan tsohuwar da ke kusa. Kwata ta cika da leda, ba mai yashewa. A haƙa masai dab da bango. Wace laya ce za ta iya da wannan?

Babbar cutar kuwa ita ce gidan gado. Maigida ya rasu, magada goma sha, wasu na Mubi, wasu na Yola, wasu sun tsallaka Garwa. Ba a raba ba, ba a sayar ba, ba a naɗa mai kula ba. Wanda ke ciki ya ce ba zan zuba kuɗina a gidan da ba nawa ni kaɗai ba. Waɗanda ke waje su ce ai shi ke morar gidan. A bar tsofaffi mata da marayu ƙarƙashin rufin da ke ɗiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin waɗannan gidaje zumunci ne ke fara tsagewa kafin bango.

Camfin da ke da kai, da wanda ba shi da shi

Idan muka bi camfe-camfen nan ɗaya bayan ɗaya, da yawansu, a fahimtarmu, hankali ne aka sa wa rigar tsoro don yara su kiyaye. Mai shara a hasken aci-bal-bal tana iya share allura ko ɗan kunne ko kuɗi, tana iya kai hannu kan kunama. Mai zama a dokin ƙofa ya tare hanya, yana kuma cinye ginin. Mai watsa ruwan zafi a duhu yana iya watsa wa yaro. Hayaƙin turare da na murhu yana rage sauro da ƙwarin da ke cin jinka. Shamuwa fara take ci da ƙwari, zuwanta kuma alama ce damina ta ƙarato, wato lokacin hawa rufi ya yi. Tsoron sare tsohuwar bishiya ya bar mana inuwa da abin da ke tare iska. Irin waɗannan ba sai mun yi yaƙi da su ba. Abin da ya kamata shi ne mu cire musu rigar tsoron, mu gaya wa yara dalilin kai tsaye, don yaron yau in ka ce masa aljani zai tambaye ka ina yake.

Amma akwai waɗanda ba su da wani amfani sai ɓarna. Mujiya ɓeraye take ci, ita ce ma mai gadin rumbu, amma muna kashe ta saboda muninta da kukanta. Wannan ƙarami ne. Babba shi ne zargi. Za a zo gyaran gida, ma'aikaci ya tono wata tsohuwar tukunya ko ƙaho a bakin ƙofa. Mai yiwuwa kakan gidan ne da kansa ya binne don tsari shekaru aru-aru. Amma kafin la'asar labari ya zama sammu ne aka yi wa gidan, shi ya sa 'yan mata ba sa auruwa, shi ya sa kasuwar maigida ta tsaya. Wa ya yi? Ido ya koma kan kishiya, ko matar wa, ko tsohuwar da ba ta da ɗa, ko maƙwabcin da ba Bahaushe ba. An sha raba aure a kan wannan, an sha yanke gaisuwa tsakanin gidajen da suka yi shekara hamsin suna miƙa wa juna wuta ta kan katanga. Mu da muke zaune cikin mutane, arzikinmu zaman lafiya da maƙwabta, wannan zargi ya fi gara haɗari a gare mu.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Duk mun san halin da aka shiga a ƙarshen Oktoban 2014 da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mutanen wannan yanki da yawa suka bar gidajensu, wasu suka tsallaka Kamaru. Bayan nan ga matsalar masu satar mutane don kuɗin fansa. Tsoro ya yi yawa, kuma inda tsoro ya yi yawa masu sayar da maganinsa ba sa rasa ciniki. Da can malamin unguwa ne, ka san shi ya san ka, ka ba shi sadakar abin da ya sawwaƙa. Yanzu baƙo ne zai sauka, ko a turo maka lamba a WhatsApp, a ce kafin gidanka rago ne da turmin yadi da kuɗi kaza. Wani ma shi zai binne abin da dare, da safe ya zo ya tono a gaban jama'a a yi ta kabbara. Kuɗin da zai sayi azara ya biya magini, sai ya tafi a hayaƙi.

Za a ce mana, to mafarauta fa, da suka taimaka aka ƙwato Maiha da Mubi a watan Nuwamban shekarar, ba da layu suka shiga ba? Da su suka shiga, ba mu musa ba, kuma muna jinjina musu. Sai dai kada a rage musu daraja a ba fata. Mutanen nan sun san daji, sun san duwatsun nan kamar tafin hannunsu, suna da zuciya, sun fito tare, ga sojoji. A yaƙin nan kuma mafarauta da 'yan banga da dama sun rasa rayukansu da layunsu a jiki. Allah Ya jiƙansu. Wanda zai yi koyi da su, ya yi koyi da haɗin kansu.

Su ma masu fasawa da sauran gyara

Kada samarinmu masu wa'azi su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Akwai gaggawar da ba ta da kyau. Yaro ya dawo daga makaranta, ya shiga ɗakin kakarsa ya fizge abin da ke rataye, ya kira ta da sunan da bai kamata ba a gaban jikoki. Ko da yana kan daidai a mas'ala, ya faɗi a ladabi. Tsohuwar da ta shekara saba'in da abu, ba a raba ta da shi da tsawa. A zauna a ce, Dada, bari mu buɗe mu ga abin da ke ciki, in ayoyi ne mu karanta miki su kullum da bakinmu. Sau da yawa za ta yarda, don ita ma tsari take nema.

Sannan akwai asarar da ake yi ba a sani ba. A tsofaffin gidaje, gafakar da layu ke ciki ita ce kuma ma'ajiyar takardu. A ciki ake samun wasiƙun fatake da ajami, da lissafin bashi, da takardar cinikin gida ko gona mai sunayen shaidu, da inda aka rubuta haihuwa da rasuwa. Mai zafin kai ya kwashe duka ya cinna wuta, wai yana ƙona tsibbu. Gobe rigimar fili ta taso, a rasa hujja. Mu baƙi ne a asali, tarihin zuwanmu garin nan ba a littafin makaranta yake ba, a irin waɗannan takardu yake. Cibiyoyi irin su Arewa House da ke Kaduna neman irinsu suke yi don adanawa, mu kuma muna hura wuta da su. Duk takardar da aka tsinta a kai wa wanda ya iya karatun ajami ya duba tukuna. In abin ƙonawa ne, wuta ba ta gudu.

Wani abin kuma, an kori al'adar da ke da amfani tare da marar amfani. Sadakar tarewa a sabon gida, da ake dafa abinci a kai maƙwabta, wasu sun daina wai bidi'a ce. Bar batun hukuncin taron sauka, wannan na malamai ne. Amma ciyar da maƙwabci fa? Kwanon nan da ka aika shi ne ke sa in an ji motsi a bayan katangarka da tsakar dare wani ya fito da tocila. Zauren da aka daina zama a cikinsa, aka maye gurbinsa da ƙofar ƙarfe da kwado, shi ne da yake tace duk mai shiga gida. Ɓarawo ya fi tsoron dattijo a zaure da idon maƙwabta a kan abin da aka binne.

Abin da muke roƙo

Ba mu ce kowa ya zauna a gidan ƙasa har abada ba. Wanda Allah Ya hore wa ya yi na bulo, Allah Ya sa albarka, sai dai ya duba inda ruwansa zai bi. Amma mafi yawanmu a gidajen nan muke, kuma a cikinsu za mu ga damina mai zuwa. Don haka muna kira ga Sarkin Hausawa da masu unguwa da limamanmu na kowane ɓangare, a tsayar da rana cikin watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a zaga a duba gidajen da ke da haɗari, a fara da na zawarawa da tsofaffi da marayu. A dawo da gayyar yaɓe da yashe kwata. Maginan gargajiya da suka rage mana tsofaffi ne, a haɗa su da samari su koya, a kuma biya su haƙƙinsu, don in suka tafi da sanin makuba da ɗaurin azara ba mai dawo mana da shi. Magada kuma su ji tsoron Allah, ko a raba gado yadda shari'a ta ce, ko a naɗa mai kula a riƙa haɗa masa kuɗin gyara duk shekara. Limamai, yadda kuke huɗuba a kan laya, a yi mana ko sau ɗaya a kan haƙƙin maƙwabci da alhakin wanda ya bar bango ya faɗa wa mutane yana sane.

Idan an tono wani abu a gida, a kira dattawa biyu da malami, a buɗe a gabansu, a kawar da shi ba tare da an kira sunan kowa ba. Wanda kuma baƙo ya zo masa da maganar kafin rago da turmin yadi, ya ce masa ya dawo bayan an gama yaɓe.

Tsari na Allah ne, wannan ba Musulmin da ke jayayya. Amma Shi Ya ba mu hannu, Ya ba mu ƙasa da ruwa da maƙwabta. Mu karanta abin da aka ce mu karanta safe da yamma, mu rufe ƙofa, mu kashe wuta, mu hau rufi mu duba. Allah Ya tsare mana gidajenmu da waɗanda ke cikinsu, Ya jiƙan waɗanda suka gina su, Ya kai mu damina lafiya. Amin.